Tarut, Tsohon Itacen Kwarurrukan Tassili

Tarut itace ne daga dangin sipres, wanda Larabawa ke kira sarwu, kuma a duk faɗin duniya babu inda yake tsirowa da kansa sai tsaunukan Tassili n'Ajjer, a kudu maso gabashin Aljeriya, dab da iyakar Libiya, arewa da ƙasar Nijar. Sunan tarut na Abzinawan yankin ne, wato Kel Ajjer. Masana ilmin tsirrai kuwa suna kiransa Cupressus dupreziana. Ƙidayar da aka kammala a 2001 ta sami guda 233 kacal masu rai. Mafi tsawo cikinsu ya kai mita 22, mafi kauri kewayen gindinsa mita 12 ne, kuma akwai waɗanda suka haura shekara 2,000 suna tsaye. Ruwan saman da ke sauka a wurin bai fi milimita 30 a shekara ba, abin da manomin Bande ko Dungas, a kudancin Nijar, kan samu a dare guda cikin watan Agusta.

Dangin sipres sun sha bamban da itatuwan da aka saba gani a gonakin Magariya ta Nijar. Ba sa fure irin na ɗorawa, ba sa ƴaƴa masu zaƙi irin na kanya ko magarya, ba sa kuma kaɗe ganye, rani da damina. Ganyen ƴan mitsi-mitsi ne, kowane bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a manne da jikin reshe, wani na hawa kan wani, har mai kallo ya zaci reshen ne kore. Wannan ƙanƙanta ce ke rage ruwan da rana da iska ke zuƙewa daga jikin itacen. Ganyen tarut kore ne mai toka-toka, kuma a bayan kowane ɗaya akwai ɗigon farin ƙaro. Irin yana zaune cikin wani ƙwallo mai tauri da bai wuce santimita biyu da rabi ba. In ya nuna sai ya tsattsage, ƙwayoyin su zube. Katakon yana da ƙamshi, ga shi da ƙaro a ciki, shi ya sa ba ya saurin ruɓa, ƙwari ma ba su cika cin sa ba.

Dangin sun bazu daga gaɓar Bahar Rum zuwa Iran, daga can zuwa tsaunukan Himalaya da yammacin ƙasar Sin. Wanda aka fi sani shi ne na Bahar Rum, dogo siriri, da ake dasawa a maƙabartu da bakin hanyoyi a Turkiyya da Italiya. Ɗan uwan tarut na kusa yana Maroko, a kwarin kogin Nfis cikin tsaunukan Atlas, kudu da Marrakesh. Wasu masana ma suna ɗaukar su biyun iri ɗaya ne da hamada ta shiga tsakaninsu.

Zakaran dangin wajen tsawo yana Tibet. A watan Mayu na 2023, ayarin masu bincike a ƙarƙashin Jami'ar Peking ta ƙasar Sin suka auna wani sipres a gundumar Bomi, yankin Nyingchi, suka sami mita 102.3. Babban gawon da ya cika ya kawo a gonar Bande yakan kai mita 20 zuwa 25. Sai an ɗora huɗu ko biyar irinsa, wani bisa wani, kafin a taɓo ƙololuwar wancan. Babu itacen da aka sani ya kai shi a nahiyar Asiya. A duniya ma jinsi ɗaya ne ya shige gabansa, jan katakon gaɓar Kalifoniya a Amurka, wanda mafi tsawonsa, mai suna Hyperion, ya kai kusan mita 116. A Afirka, itace mafi tsawo da aka auna yana cikin wani lungun kwari a gindin dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, mita 81.5, kuma sai a 2016 aka sanar da shi.

Masu binciken Tibet ba su fara da hawa itace da igiya ba. Jirgi maras matuƙi suka tayar, ɗauke da na'urar da ke harba hasken lesa ƙasa tana auna lokacin da zai dawo, ta haka suka zana taswirar tsawon dajin gaba ɗaya. Daga nan suka shiga da ƙafa, da irin wannan na'ura goye a baya, suka auna gindin da inda ya haɗu da ƙasa. A wannan daji kaɗai sun sami itatuwa 25 da suka wuce mita 90.

Abin da ke yanke wa itace tsawonsa shi ne ruwa. Itace ba shi da zuciyar da za ta tura ruwa sama. Rana ce ke busar da ruwan da ke cikin ganye, wannan bushewa kuma ta jawo wani ruwan daga ƙasa ta wasu siraran hanyoyi da ke cikin katako, tun daga saiwa har ƙololuwa, ba yankewa. Duk mitar da aka ƙara, nauyin da ake ja yana ƙaruwa, in jan kuma ya yi tsanani sai iska ta kutsa cikin hanyar ta toshe ta, reshen da ke sama ya bushe. Wani binciken da aka yi kan jan katakon Kalifoniya, aka wallafa a 2004, ya ƙiyasta cewa tsakanin mita 122 da 130 ne iyakar inda itace zai iya kai ruwa. Don haka dogon itace sai inda ƙasa ba ta bushewa, iska kuma ke ɗauke da laima.

Yankin kwarin kogin Yarlung Zangbo, inda wancan sipres na Tibet yake, ya haɗa wannan duka. Kogin yana gangarowa daga tudun Tibet, ya keta tsaunukan Himalaya ta wani kwazazzabo da zurfinsa ya wuce mita 5,000 a wasu wurare, kafin ya faɗa Indiya inda ake kiransa Brahmaputra. Ta wannan ƙofa iskar damina mai ɗauke da ruwan tekun Indiya ke shiga cikin duwatsu, ta bar hazo da yayyafi a kwarurrukan wata da watanni. Bangon dutse yana tare wa itatuwan guguwa. Cunkoso yana sa kowane ya miƙe sama neman rana maimakon ya baje rassa. Sai abu na ƙarshe, wanda bai kamata a raina ba: wurin ya yi wa gatari nisa.

A Tassili nisan nan da bangon dutse akwai su, ruwan ne babu. Tudu ne na dutsen yashi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 72,000, iska da tsohon ruwa sun sassaƙe shi ya zama lunguna da ginshiƙai da kwazazzabai. Garin da ya fi kusa da itatuwan shi ne Janet, zangon dabino da ƴan ci-rani da yawa daga jihar Damagaram suka san sunansa. Daga Janet ana hawa tudun ne da ƙafa, jakuna na ɗauke da ruwa da guzuri, tafiyar sa'o'i kafin a kai Tamrit, kwarin da ya fi shahara da tarut. Itatuwan suna warwatse cikin wani siririn yanki mai tsawon kusan kilomita 120, yawancinsu sama da mita 1,400 daga matakin teku. Ba daji ba ne. Ɗaya nan, biyu can, wani lokaci tafiyar yini tsakanin wani da wani.

Duk inda aka ga tarut, a cikin ƙorama yake ko a bakinta. Ƙoramun Tassili busassu ne, wani lokaci shekaru ba su gudu ba, amma duk ɗigon da ya sauka kan dutse can yake gangarawa ya nutse cikin yashi da tsagogi. Saiwar itacen tana bin waɗannan tsagogi tana lalubo laima, tana kuma riƙe shi ranar da ambaliya ta zo. A kan tsoffin itatuwan ana ganin saiwoyi masu kaurin cinyar mutum a waje, ruwa ya kwashe ƙasar da ta rufe su, sun nannaɗe manyan duwatsu. Tsayin tudun yana sassauta zafi. Da hunturu dare yakan yi sanyi har ruwa ya daskare, raɓa da ɗan hazo kuma suna ƙara wa itacen abin da sama ta hana shi. Girmansa ba ya bin kalanda. Shekarar da aka yi ruwa sai ya ƙara kauri, shekarun fari kuma ya tsaya cik yana jira. Awon kabon da aka yi wa wasu daga cikinsu, aka wallafa a 2005, ya ba su shekaru tsakanin 600 da 2,400.

Mai karatu zai so ya san yadda itacen da danginsa ke bakin Bahar Rum ya sami kansa a tsakiyar Sahara. Amsar ita ce Sahara ba kullum take hamada ba. Tsakanin kimanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce, damina tana kaiwa can arewa nesa da inda take tsayawa yanzu. Tafkin Cadi a lokacin ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000. A Gobero, cikin Tenere, inda aka gano tsohuwar maƙabarta a 2000, an tono ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, a wurin da yau rairayi ne zalla. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa mita 5.4. A Tassili kanta an ƙidaya zane sama da 15,000 a jikin duwatsu: giwaye, karkanda, garkunan shanu da makiyayansu. Kadoji sun ci gaba da zama a wasu tafkunan dutse na Tassili har farkon ƙarni na 20, kuma har yanzu akwai ragowar irinsu a Ennedi ta ƙasar Cadi.

A irin waɗannan zamuna masu laima, tsirran arewa sun sami hanyar zama a tsaunukan Sahara. Da ƙasa ta bushe, na fili suka mutu, na kan tudu suka maƙale a inda sanyi da ɗan ruwa suka rage. Nijar ma tana da nata kason. A tsaunukan Abzin, kan Bagzan da Tamgak da Gerebun, akwai zaitun ɗin daji da ake kira zaitun Laperrine, wanda shi ma ragowar wancan zamani ne, kuma a Tassili ana samun sa a yankin da tarut yake. A Abzin da wuya a ga ya tsiro daga iri. Yawanci daga tsohon gindi yake tohowa.

Sai dai akwai abin lura a lissafin shekarun. Tarut mafi tsufa da ke raye ya tsiro ne shekara dubu biyu da wani abu bayan koriyar Sahara ta ƙare. Waɗanda ke tsaye yau jikoki ne da tattaɓa-kunnen waɗanda suka ga giwaye. Wato itacen ya ci gaba da hayayyafa tsawon ƙarnoni cikin ƙasar da ta riga ta fara bushewa, daga baya ne haihuwar ta ja baya.

Shaidar hakan ta fito daga inda ba a zata ba, ƙyauren ƙofa. Garin Gat, a kudu maso yammacin Libiya, gabas da tudun Tassili, babban zango ne a hanyar ayarin da ke tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas da Abzin, ya nufi Gadamas da Tarabulus. Ta nan rinannun tufafi da jemammun fatu da gashin jimina da hauren giwa suka bi, ta nan kuma aka kora bayi. Fataken da suka sauka a Gat sun shiga gidaje ta ƙofofin da aka yi wa ƙyaure da katakon tarut, domin a wannan yanki, in aka cire dabino, babu wani itacen da za a tsaga a sami faffaɗan allo. Masu bincike daga Jami'ar Milan ta Italiya, ƙarƙashin Mauro Cremaschi, sun ɗebi samfuri daga tsoffin ƙyamaren Gat da maƙwabciyarta Barkat, suka wallafa sakamakon a 2006. In aka yanka gungume ana ganin zobba a ciki, wani na kewaye da wani. Mai faɗi alamar shekarar ruwa ne, siriri alamar fari. Wasu zobban da ke cikin waɗannan alluna sun haura shekara 5,000. Sun nuna manyan fari a wancan lokaci, sannan laima ta ɗan dawo, sannan kimanin shekara 1,500 da suka wuce aka shiga tsananin bushewar da ake ciki har yau. Kafintan da ya sassaƙa ƙyauren, ƙofa kawai ya nufa, amma ya ajiye wa na baya tarihin ruwan sama na shekaru dubbai.

Turawa ma katakon suka fara ji kafin itacen. Bafaranshe Henri Duveyrier, a littafinsa na 1864 kan Abzinawan arewa, ya ba da labarin tarut da amfanin da ake yi da katakonsa a gine-ginen Gat da Janet. An yi shekara sittin kafin gani ya kori ji: a 1924 Kyaftin Duprez, kwamandan sojan Faransa a Janet, ya ga itatuwan a Tamrit ya kai rahoto. A 1926 masaniyar tsirrai Aimée Camus ta bayyana shi a matsayin jinsi na daban, ta sa masa sunan kyaftin ɗin. Abzinawan da suka yi ƙarnoni suna sauka a inuwarsa ba su shiga cikin sunan ba, kamar yadda aka saba a zamanin mulkin mallaka.

Ƙidaya ta farko mai inganci wani ma'aikacin gandun daji ɗan Aljeriya ne ya yi ta, Sa'id Grim, a 1971 da 1972. Ya bi kwarurrukan ɗaya bayan ɗaya, ya auna itatuwan, ya sami 230 masu rai. Bayan kusan shekara talatin, Fatiha Abdoun da Mohamed Beddiaf suka sake bin sawunsa tsakanin 1997 da 2001, suka sami 233. Wanda ya dubi alƙaluman biyu kawai zai ce an sami ƙari. Ba haka abin yake ba. Wasu daga cikin na Grim sun mutu a tsakani, an kuma gano wasu da bai gani ba. Abin da ya faranta wa masu binciken rai shi ne ƴan ƙananan itatuwa ƙalilan da suka taras, shaidar cewa har yanzu iri yakan tsiro ya kama ƙasa in aka dace da shekara. Amma waɗanda ke mutuwa sun fi waɗanda ke tasowa yawa.

Yadda tarut ke haihuwa shi ne abin da ya fi ɗaure wa masana kai. Duk mai dabino ya san akwai namiji akwai mace, kuma sai garin namiji ya kai ga mace kafin ta yi ƴaƴan kirki. A sipres ɓangarorin biyu suna kan itace ɗaya, iska ce ke kai garin. A ƙa'idar halitta, garin namiji yana ɗauke da rabin gado, ƙwan mace yana ɗauke da rabi, su haɗu su ba da ɗa mai kama da uwa da uba. A tarut garin namiji yana zuwa da gadon a cike. In ya shiga ƙwallon mace, shi kaɗai yake zama ɗan tsiro. Uwa ba ta ba da komai na gado, abinci da sutura kawai take bayarwa. Christian Pichot da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta Faransa da ke Avignon ne suka tabbatar da haka, suka wallafa a mujallar Nature a 2001. Sun zuba garin tarut a kan ƙwallayen sipres ɗin Bahar Rum, wanda jinsi ne daban, sai ga tsirran da suka fito tarut ne tsantsa, babu alamar uwar da ta goya su. Kafin wannan ba a taɓa ganin irin haka a wani tsiro ba.

Dabarar tana da tsada. Yawancin irin da tarut ke zubarwa fanko ne, kaɗan ne ke da rai a ciki. Kuma tunda ɗa kwafin ubansa ne, babu gaurayar gadon da ke ba zuriya damar jure sabuwar cuta ko sabon yanayi. Ƙwayar da ta tsira daga wannan kuma tana buƙatar ta faɗi kan yashi mai laima, ta tsiro, ta tura saiwa ta cim ma ruwan ƙasa kafin saman ya bushe, ambaliya ba ta tumɓuke ta ba, akuya ba ta gan ta ba. Tsohon tarut yana iya jure fari na shekaru. Ɗan tsiro ba ya jure na ƴan makonni.

Nan ne labarin ya zo kusa da gida, domin manoman Bande sun san wannan mataki a jikin gawo. Ƴaƴan gawo suna da ƙwaya mai taurin ɓawo. Dabba ce ke cin su da rani, ƙwayar ta bi ta cikinta ta yi laushi, ta faɗo cikin taki a gona, ta tsiro da ruwan farko. Daga nan sai ɗan gawo ya tura doguwar saiwa ƙasa tun kansa bai kai gwiwa ba. Abin da ke kashe shi a wannan lokaci hauya ce da wuta da bakin akuya. Tarihin Damagaram ya ruwaito cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo. Daga baya, musamman bayan farin 1973 da na 1984, gonaki da yawa sun yi ƙwal. Abin da ya dawo da itatuwan shi ne sassaben zamani: manomi ya ga toho a gindin kututture ko ɗan tsiro a tsakiyar kunya, ya kewaye shi, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya rage sauran, ya yi ta gyara shi har ya fi ƙarfin dabba. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan ɗaya ce ta farfaɗo ta wannan hanya a Magariya da Matamaye da Mirriya; a lokacin Dungas tana cikin Magariya, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. A faɗin Nijar an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

Ɗan gawo yana da abu biyu da ɗan tarut ba shi da su: damina ta milimita 500 ko fiye, da mai gona da ke da riba in ya rayu, domin gawo yana kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya ba dabba inuwa da abinci. Tarut yana tsaye ne a ƙasar kiwo da hanyar matafiya, inda kowa ke buƙatar itacen wuta a daren sanyi. Yawancin tsoffin suna ɗauke da tabon gatari, wasu an sassare musu manyan rassa tun tuni. Inuwarsu kuma ita ce wurin hutun garke, wato daidai inda iri ke zuba nan awaki ke kwana. Yadda itace tilo ke ƙarewa a hamada, Nijar ta gani a itacen Tenere. Ƙaya ce guda ɗaya da ta rage a hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, saiwarta na shan ruwan da ke ƙasa da mita 30, ba ta da na baya. Mota ta buge ta a 1973, gangar jikinta kuma tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Aljeriya ta mai da Tassili gandun ƙasa a 1972, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, saboda zanen duwatsu da kuma halittu irin su tarut. An hana saran itacen, baƙi kuma ba sa hawa tudun sai da ɗan jagora. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jinsunan da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Tsaron itatuwa ɗari biyu da ƴan kai da ke warwatse a kilomita 120 na duwatsu ba ƙaramin aiki ba ne, kuma doka ba ta saukar da ruwa.

Saboda haka aka ɗauki iri aka kai waje. Ana renon tarut a lambunan bincike a Aljeriya da kudancin Faransa da wasu ƙasashen Bahar Rum, kuma a gandun itatuwa na ƙasa da ke Kanbera, babban birnin Ostareliya, an dasa sama da dubu, wato sun ninka na Tassili sau da yawa. Inda ya sami ruwa yana girma da saurin da ba a san shi da shi ba a gida, kuma masu aikin gandun daji suna sha'awar sa don dashe a busassun wurare masu sanyin hunturu.

Renon nasa a waje yana da tarko guda, kuma daga waccan baƙuwar haihuwa ya fito. Tunda uwar tarut ba ta sa gadonta cikin iri, duk garin da iska ta kawo mata shi take goyo. In an dasa ta kusa da sipres ɗin Bahar Rum, garin maƙwabcin yakan shiga ƙwallayenta, kuma binciken da aka yi a Faransa ya nuna cewa wasu tsirran da ke fitowa daga irin da aka tsinka a jikinta na maƙwabcin ne, da rabin gado kawai. Don haka masu tara iri sukan nisanta gonar tarut daga sauran danginsa, ko su rufe ƙwallayen su zuba garin da hannu, ko kuma su bar iri gaba ɗaya su yanki reshe su dasa, su kuma rubuta daga wane itace na Tassili kowane dashe ya fito.